Matambayi Ba Ya Ɓata: Fadojin Cikin Talabijin, Ina Suke?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Tun da na ambata a wannan fili cewa na taɓa zuwa wani ƙauyen ginin ƙasa a Maroko inda Turawa ke ɗaukar fim, tambayoyi suka yi ta shigowa a kan fadoji da garuruwan da ake gani a shirye-shirye masu dogon zango. Ga wanda bai san ni ba, shekara 22 na yi ina saɓa kamara a wani gidan talabijin, kafin gwiwa ta ce ta gaji na dawo gida Bauchi na zauna. Saboda haka in na rage muku daɗin kallo ku yafe ni, wanda ya daɗe a madafa tuwo ba ya ba shi mamaki.

Daga wata uwargida, unguwar Pantami, Gombe:
Baba, barka da aiki. Ni da maigidana mun kalli Ertugrul fassarar Hausa tun daga farko har ƙarshe. Yana zuwa Istanbul sarin abaya da takalma, kuma ya yi mini alkawarin bana tare za mu je. Garin tantunan nan da ganuwar da muke gani suna nan da gaske? Ana barin mutum ya shiga?

Ɗiyata, Allah ya cika alkawari. Wurin yana nan, kuma ana shiga. Sunansa Riva, a gundumar Beykoz, wato ɓangaren Istanbul da ke cikin nahiyar Asiya, can wajen gaɓar Bahar Aswad. A nan aka kafa tantunan da kasuwar da ganuwar, aka ɗauki shirin daga 2014 zuwa 2019, aka kuma ci gaba da ɗaukar na ɗansa Usman. Da masu wurin suka ga jama'a na son gani da ido, sai suka buɗe shi da tikiti. Za ki iya sa irin tufafin da jaruman ke sawa a ɗauke ki hoto, ki shiga tanti, ki kalli wasan dawaki.

Sai dai ki tafi da sanin cewa lokeshan ne, ba gari ba. Babu wanda aka haifa a can, babu wanda aka binne. Ginin fim don idon kamara ake yinsa: inda kamara za ta kalla a ƙawata, inda ba za ta kalla ba a bar shi da katako da ƙusa. Yawancin irin waɗannan ganuwoyi in kika ƙwanƙwasa za ki ji amon akwati. Kuma komai zai yi miki ƙanƙanta, domin gilashin kamara mai faɗi yana mayar da tsakar gida filin Idi. Mu da kanmu mun sha tara mutum talatin mu karkata kamara su zama taron gari.

In Ertugrul na gaskiya kike nema, ba a Istanbul yake ba. Kabarinsa yana wani ƙaramin gari da ake kira Sogut a lardin Bilecik, inda ya rasu wajen 1280. Sarki Abdulhamid na Biyu ya sake gina hubbaren a ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk watan Satumba ana taron tunawa da shi a garin. Daga Istanbul akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke tsayawa a Bilecik, daga nan sai mota. Kabarin ɗansa Usman, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ci sunansa, da na jikansa Orhan suna birnin Bursa, wanda Orhan ya ci a 1326. Abin da tarihi ya riƙe game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai. Daga cikin hujjojin akwai wani tsohon tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul. Yawancin yaƙe-yaƙe da makirce-makircen da suka hana ku barci, marubucin shirin ne ya zauna ya tsara abinsa.

Ni da za a ba ni kwana biyu kacal, rabin yini zan ba Riva, in ba sauran ga abin da ba a gina don kamara ba: kabarin sahabi Abu Ayyub Al-Ansari a unguwar Eyup, da fadar Topkapi inda aka ajiye kayan tarihin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW). Bizar kuwa ku nema ta hanyar da ofishin jakadancinsu na Abuja ya shimfiɗa, kada ku miƙa fasfo ga ɗan kan hanya. Shawara ta ƙarshe ta tsakanina da ke ce: ki sa Alhaji ya ware kwanakin yawon tun ranar da kuka sauka. In kika bari ya fara shiga shagunan Laleli da lissafin dala, Riva sai dai ki ƙara ganinta a waya.

Daga wani ɗan acaɓa, Bolari, Gombe:
Baba, mun yi musu a majalisa. Shirin Daɗin Kowa na Arewa24, a Daɗin Kowa ɗinmu ta hanyar Biu ake yinsa ko kuwa?

Ɗana, in ka ci caca a kan haka, ka biya. Garin da ke cikin shirin ƙirƙirarre ne, an raɗa masa suna ne don ya tsaya a madadin kowane garin Arewa, kuma masu shirya shi a Kano suke aikinsu. Suna ne ya zo ɗaya, kamar yadda akwai wata unguwar Daɗin Kowa a Jos. Taku ta ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ba ta buƙatar aron suna wajen kowa. Tana da madatsar ruwa a kan kogin Gongola, tana da kifi, tana da lambuna. Ka ɗauki abokan musun naka ranar da ba aiki ku je ku ci gasasshen kifi, wanda ya faɗi musun shi zai biya.

Daga wani dattijo, GRA, Bauchi:
Malam, ina gaisuwa. Ɗiyata za ta gama karatu a Ingila a watan Yuli, zan je bikin. Ita ta koya mini kallon Downton Abbey, har na saba da mutanen gidan. Ina so in ga gidan. Yaya zan yi?

Yallaɓai, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka yi sa'ar wata, domin gidan ba kullum yake buɗe ba. Sunansa Highclere, a yankin Hampshire, kuma har yau masu shi, iyalin Carnarvon, gidansu ne. Zuriyar tana riƙe da wurin tun 1679. Suna buɗe wa baƙi ne a wasu ranaku na shekara, mafi tsawo daga cikin Yuli zuwa farkon Satumba, kuma tikitin yakan ƙare tun da wuri. Ka ce wa yarinyar ta saya ta intanet yanzu, kada ku dogara da sayen bakin ƙofa. Jirgin ƙasa za ku hau daga tashar Paddington ta Landan zuwa Newbury, tafiyar kamar awa ɗaya, sai tasi ya ƙarasa da ku. A cikin gidan ba a ɗaukar hoto, a fili da lambu kuwa sai yadda ka so.

Wanda ya sake fasalin ginin a shekarun 1840, Charles Barry, shi ne ya zana majalisar dokokin Birtaniya, shi ya sa in ka dube su za ka ga jini ɗaya. Kada ka fito ba ka sauka ƙasan gidan ba. Kakan mahaifin mai gidan na yanzu shi ne ya ɗauki nauyin Howard Carter har aka tono kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, kuma akwai baje kolin kayan Masar a can ƙasa.

Amma madafar da ka saba gani, inda barori ke kai da kawo, ba za ka same ta ba. A sutudiyon Ealing da ke Landan aka gina ta. Wato baranya takan ɗauki faranti ta hau matakala a Landan, ta ɓullo falo a Hampshire, tsakani kusan kilomita 100, kuma wataƙila makonni ne tsakanin ɗaukar hawan da ta ɓullowar. Ƙauyen ma, da cocinsa da asibitinsa, wani gari ne daban mai suna Bampton a yankin Oxfordshire. Labarin kuma ya ce duk a Yorkshire ake, can arewa, inda babu ko ɗaya daga cikin ukun. Aikin edita ke nan, shi ne telan da ke ɗinke su ba a ga zare ba.

In ka je Bampton ka tuna gidajen mutane ne. Ka ƙaddara motocin baƙi ne suka tsaya a Unguwar Jahun, aka fito ana leƙen zaurukan mutane ana ɗaukar hoto ba sallama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Highclere shi ne kuɗi. Kafin a fara shirin a 2010, an ruwaito ɗakuna sama da 50 ba sa zaunuwa saboda yoyo, gyaran kuma zai ci wajen fam miliyan 12. Kuɗin masu fim da na baƙin da fim ɗin ya jawo ne suka taimaka aka rufa wa gidan asiri. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa a ƙasa.

Daga ɗalibin zanen gine-gine a ATBU, Yalwa, Bauchi:
Baba, ƙauyen Marokon da ka ambata, da gaske ƙasa ce zalla? Na ga hotonsa, sai na ga kamar tsohuwar Kano. Ta yaya ya daɗe haka, kuma me masu fim suke nema a can?

Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Sunan ƙauyen Ait Ben Haddu. Na sauka Kasablanka, na hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, washegari da asuba muka kama hanyar duwatsun Atlas a wata ƙaramar bas. Hanyar tana hawa har tsayin mita 2,260 a wata mashiga da suke kira Tizi n'Tichka, kwana bisa kwana kamar hawan Tula amma ninki goma. Wani Bature da ke gefena ya yi ta amai a leda, ni kuwa na yi ta jan carbi. Bayan kamar awa huɗu muka gangara cikin ƙasa ja, busasshiya, sai ga shi a jikin tudu a hayin wani rafi.

Wallahi da na hango shi sai da na ji wani abu a ƙirjina. Na kashe kuɗin da na tara shekara biyu, na ƙetare sahara ta sama, na zo na tarar da gidan kakana. Jar ƙasa, bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa sama, indararo na leƙowa, kusurwoyi sun ɗaga kai kamar zankwayenmu, lunguna ƙunci yadda jaki da kaya zai wuce da ƙyar. Bambancin da ido irin naka zai kama shi ne hanyar ginin. Mu tubali muke mulmulawa, a shanya, a jera, a bi da ƙasa. Su a ƙasan bango allunan katako biyu suke kafawa, su zuba ƙasa mai danshi a tsakani, su daddaka ta har ta kama, su ɗaga allunan su ci gaba. Za ka ga ramukan sandunan allon a jere a jikin bango. Can sama sai su koma bulon ƙasa, inda suke fitar da ado. Kuma suna hawa sama fiye da mu, bene uku har huɗu, ga rumbun gari can ƙolin tudu, domin in mahara sun zo hatsi ne abin da ake fara tsarewa. Rufinsu itace ne da kara a bi da ƙasa, wanda a ganina bai kai azararmu ta giginya ƙarko ba, kuma ban ga ɗaurin guga irin namu ba ko ɗaya. A nan maginanmu sun fi su, ba son kai ba.

Garin zango ne a tsohuwar hanyar fatake tsakanin sahara da Marrakesh. Mutanensa Amazigawa ne, harshensu ɗan'uwan na Buzaye. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Yawancin iyalai sun ƙaura zuwa sabon gari a ƙetaren rafin inda akwai titi da makaranta, kaɗan ne suka rage a ciki.

Masu fim kuwa rana suke nema, da sararin da babu turakun lantarki, da ginin da zai iya zama ko'ina. An mayar da shi garin Larabawa, an mayar da shi lardin Rumawa a Gladiator na 2000, an mayar da shi birnin bayi a Game of Thrones, shirin da ba na ba kowa shawarar kallonsa da iyali. Wanda ya zagaya da ni, wani magidanci mai rawani shuɗi, ya nuna mini filin da aka kafa dandalin faɗa na Gladiator, babu komai a wurin sai tsakuwa, an kwashe tun tuni. Ya ce shi ma ya sha fitowa cikin taron jama'a, an kashe shi a fim fiye da sau ɗaya, kuma da kuɗin mutuwar ya yi wa gidansu yaɓe. Na yi dariya har da hawaye, amma amsar tambayarka ke nan. Ƙasa ba ta daɗewa don kanta. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum sai an duba shi. Abin da ya tsayar da Ait Ben Haddu shi ne akwai dalilin gyara, akwai kuɗin gyara, kuma ana sa ido a gyara da ƙasa da itace, ba a lafta siminti ba. Siminti a kan bangon ƙasa kuwa ka sani, yana kulle danshi a ciki, wata rana ya ɓalle gaba ɗaya da rabin bangon.

Kilomita 30 gaba akwai birnin Warzazat, inda sutudiyon Atlas yake tun 1983. Na shiga, na ga gumakan Fir'auna na filasta suna ɓarewa a rana. Minti arba'in ya ishe ni. A ƙauyen kuwa sai da direba ya yi ta matsa oda kafin na sauko. Kuma ka sani ba Turawa kaɗai ke zuwa Maroko ba. Fim ɗin Arrisala da muka taso muna kallo a can aka fara ɗaukarsa kafin a ƙarasa a Libiya, shirin Sayyidina Umar na 2012 ma a Maroko aka gina Makkarsa.

Daga wata malamar firamare, Toro:
Baba, kakana yana yawan cewa Turawa sun taɓa yin fim a garinmu yana saurayi, mu kuma muna ɗauka hirar tsufa ce.

Malama, ki je ki ba tsoho haƙuri. Fim ɗin Mister Johnson, wanda ya fito a 1990, a Toro aka ɗauki mafi yawansa. Bruce Beresford ne darakta, a ciki akwai Pierce Brosnan tun kafin ya zama James Bond, da Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarabawa, wanda ya rasu a 1990 ɗin. An ɗauko labarin daga littafin Joyce Cary na 1939, Baturen da ya yi aikin mulki a Borgu. Jarumin fim ɗin, Maynard Eziashi, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Berlin a 1991. Ki ɗauki wayarki ki zauna da kakan naki ki naɗi muryarsa: a ina aka kafa kasuwar, wa da wa suka fito, nawa aka biya su, ina Turawan suka kwana. Ki sa ya kai ki wuraren da ƙafarsa. In kin yi, ki aiko mini, zan ba shi shafi guda a wannan fili.

Daga wani matashin darakta, Jekadafari, Gombe:
Baba, ina shirya fim mai dogon zango na tarihi, zamanin sarakuna da dawaki. Furodusa ya ce mu tafi Kano ko Zariya neman lokeshan. Babu wurin da ya dace a nan kusa? Kuma wa ake tambaya izini?

Ɗana, ka gaya wa furodusanka ya rage kuɗin mai. Ka hau hanyar Ningi daga Bauchi, kamar kilomita 45, ka sauka Kafin Madaki, hedikwatar Ganjuwa. Gidan Madaki yana nan, wanda mutanen wurin ke kira Babban Gwani, da laƙabin maginin da ya gina shi wajen 1860, Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956, kafin 'yancin kai, aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga yadda bakunan ɗaurin guga suka tashi daga bango suka haɗu a sama, babu ƙarfe babu siminti, ka ji sanyin ɗakin da tsakar rana a watan Afrilu. Duk lokacin da na shiga sai na tuna allunan Riva da filastan Warzazat. Can ana kashe miliyoyi a kwaikwayi irin wannan, mu kuma yara sun taso a Bauchi ba su san hanyarsa ba.

A ɓangarenku akwai Gombe Abba a ƙasar Dukku, tsohuwar hedikwata inda kabarin Buba Yero yake, akwai duwatsun Tula in kana son sararin da babu turken waya. Bormi kuwa, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a hannun Turawa a 1903, ka je ziyara ka yi addu'a, amma kada ka kai dawaki da ganguna kan makwancin mutane.

Izini daga fada ake farawa. Ka sa babbar riga, ka je wajen hakimi ko mai gari da wani dattijo da aka sani, ka faɗi labarin fim ɗinka gaskiya da gaskiya, har da inda akwai waƙa in akwai. Abin da aka ɓoye a zaure shi ke korar mutum daga gari. Ka tuna yadda aka yi da ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Ƙofa ta ƙasar Bebeji a 2016, malamai da jama'a suka ƙi, aka soke. Duk wurin da ke cikin kayan tarihin ƙasa kuma, sai ka haɗa da takarda daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Sai maganar da na ce zan dawo kanta. Ka sa kuɗin yaɓe a cikin kasafinka, ba goron da ake dunƙula wa mai gadi ba. Ka tambayi Sarkin Magina nawa gyaran bango ɗaya zai ci bayan damina, ka biya, ka rubuta sunan gidan da na garin a ƙarshen kowane kashi don mai kallo ya san inda zai je. Kunle Afolayan ya gina nasa ƙauyen fim a Igbojaiye ta jihar Oyo, yanzu mutane na biya su kwana a ciki. Kai ba sai ka gina ba, an gina maka tun kafin a haifi kakanka.

Zan gaya maka abin da ya same ni, don kada ka maimaita. Ina ƙaramin ma'aikaci, muka je ɗaukar wani wasan Sallah a wani ƙauye da ba zan ambata ba. Wani dattijo ya ba mu aron zaurensa, tsohon zaure mai zanen dagi a saman ƙofa ta ciki, wanda ya ce mahaifinsa ne ya sa aka yi. Haske bai isa ba, babu sandar rataye fitila, sai na ɗauko ƙusa mai inci shida na buga a bango. Bugu na uku, yaɓen ya ɓalle kamar faifai, rabin dagin ya zube a ƙasa. Kowa ya yi tsit. Tsohon ya zo ya tsuguna, ya tattara gutsattsarin a gefen rigarsa, ya shiga da su cikin gida. Bai zage ni ba, bai karɓi kuɗin da shugabanmu ya miƙa masa ba, har fura ya aiko mana da azahar. Muka gama ɗauka muka tafi, wasan ya fita, aka yaba, kuma a cikin hoton babu wanda ya ga ramin domin na karkata kamara.

Saboda haka: fitila a kan sanda, janareta nesa da bango, kada kowa ya hau soro, kada a jingina tsani a jikin zane, dawaki a waje. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki kafin ku shiga da bayan kun fita, ka nuna wa masu gida. Lokacin ɗauka mafi kyau daga ƙarshen Oktoba ne zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, an yi yaɓe, ƙurar hunturu ba ta riga ta rufe sama ba. Hasken bayan la'asar a kan jar ƙasa ba ya buƙatar gyaran kwamfuta.

In kun tsayar da rana ka aiko mini ta ofishin mujalla. Gwiwar ba ta ɗaukar kamara yanzu, amma tana iya zama a kujerar gaba har Kafin Madaki, masar hanya kuma a kaina, a Wunti za mu tsaya mu saya.